DILLANCIN KANGAYE DA TSOFAFFIN GIDAJE: INDA MAI FARAWA ZAI SA ƘAFA

Jawabin da aka gabatar a taron 'yan ƙungiya a Kafanchan

An nemi in yi magana a kan sana'ar dillancin gidaje, musamman kangaye da gidajen da suka lalace, saboda matasanmu da ke son shiga harkar amma ba su da jari. To, zan faɗi abin da na sani, inda na yi kuskure dattawa su gyara mini.

Kowa a nan ya san jirgin ƙasa ne ya raya garin nan. Tun da layin dogo daga Fatakwal ya iso a shekarun 1920, Kafanchan ta zama mahaɗa, mutane suka taru daga ko'ina suka yi gini. Da harkar reluwe ta ja baya, gidaje da yawa suka tsufa ba mai gyara. Sannan ga fitinun da muka gani a 1987 da 1999 da 2011, Allah kada ya maimaita mana. Wasu gidajen sun ƙone, wasu masu su sun koma Jos ko Kaduna ko Kano sun bar su. Ga kuma gidajen gado da magada suka kasa rabawa. Waɗannan su ne hajar mai wannan sana'a.

Yaranmu suna gani a intanet yadda ake yi a Amurka. Can mutum yakan sami mai gidan da ya matsu, su rubuta yarjejeniyar ciniki a farashi mai rahusa, sai ya sayar wa wani mai kuɗi yarjejeniyar, ya ɗauki abin da ya hau kai, bai taɓa mallakar gidan ba. Har da gidajen da ake ƙerawa a masana'anta a jawo su da mota a girke a filin haya ana yi wa haka. Mu a nan sai mu yi hattara, domin malamanmu sun karantar da mu cewa an hana mutum ya sayar da abin da bai mallaka ba. Hanya mai tsabta biyu ce. Ko dai ka zama wakilin mai gida a fili, a yanke maka la'ada da saninsa, ko kuwa ka saya ka biya, gida ya zama naka, sannan ka sayar. Mai farawa ba shi da jari, saboda haka ta farkon ita ce tasa.

Abu na farko: ka san mai gida kafin ka san gida. In na gado ne, ka tambaya an raba ko ba a raba ba, kuma magada nawa ne, har da matan da ke aure a wasu garuruwa da marayun da ba su balaga ba. Ni kaina na sha wannan. Farkon shigata harkar, na haɗa cinikin wani kango da hannun 'yan uwa uku, ashe akwai ta huɗu tana aure a Jos. Ranar da ta zo, ciniki ya warware, na mayar da la'adar da na riga na ci, na kuma yi shekara guda mutane suna kallona da abin. A mazhabarmu ta Malikiyya akwai haƙƙin shufu'a: wanda ke da rabo a gidan da ba a raba ba yana iya karɓe kason da ɗan uwansa ya sayar wa bare, ya biya kuɗin. Don haka a je kotu a raba gado tukuna, a karɓo takarda.

Abu na biyu shi ne ƙasar da ginin yake kai. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma wanda ke da satifiket na mallaka ba zai miƙa shi ga wani ba sai da amincewar gwamna. A Jihar Kaduna hukumar KADGIS ce ke riƙe da rajistar filaye, can ake bincike a ga sunan wa ke kan fili, kuma ko an jinginar da shi a banki. Filin reluwe kuwa na Hukumar Jiragen Ƙasa ne, wato gwamnatin tarayya. Wanda ya sayi shago ko kwantena a kansa, katako da kwano kawai ya saya, daidai da mai gidan ja-da-mota na Amurka da ke biyan hayar fili. In kuma ka fita wajen gari, wajen Kagoro ko Zonkwa, ka tuna gona ta dangi ce. Sa hannun mutum ɗaya bai isa ba, sai manyan gidan da dagaci sun shaida.

Abu na uku, lissafi. Kada ka kimanta kango da ido. Ka tafi da birkila da kafinta su duba tushe, da tsagewar bango, da gara a katakon rufi. Ginin da wuta ta ci, sau da yawa bulonsa ya riga ya mutu ko da yana tsaye. Masu wannan sana'a a Amurka suna da ƙa'ida: kashi 70 cikin 100 na kuɗin gida bayan gyara, a cire kuɗin gyara. Misali, in gida zai yi naira miliyan 10 bayan an gyara, gyaran kuma zai ci miliyan 3, to mai saye bai kamata ya wuce miliyan 4 ba. Ragowar ta takardu ce, da ɓarnar da ba a gani ba, da ribarsa. Wannan ma'auni ne kawai, kasuwar unguwa ita ce alƙali.

Abu na huɗu, a rubuta komai. Kafin alƙalami nawa aka bayar, yaushe za a cika, la'ada nawa ce kuma wa zai biya. A sa shaidu, mai unguwa ya sani, lauya ya duba. Kuɗi su bi ta banki zuwa asusun mai gida, kada su kwana a aljihunka.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna. Yawancin masu sayar da kango ba don daɗi suke sayarwa ba. Wata mijinta ya rasu, wani tsoro ne ya kore shi. In ka yi amfani da tsoronsu ka karya musu farashi, ka ci riba yau, amma ka taya watsa unguwar da kai ma kake kwana a ciki. Ka faɗa wa mai gida gaskiyar abin da gidansa zai yi. In ka ga gyara ɗaki biyu a sa 'yan haya ya fi masa, ka faɗa masa, ko da la'adarka za ta tafi. Kuma maƙwabtanmu Fantswam da Bajju da Atyap, mu yi ciniki da su da mudu ɗaya da wanda muke auna wa junanmu.

Shawarata ga matashi: ka bi wani tsohon dillali na shekara guda, ka riƙe littafi kana rubuta kowane kango na unguwarku da mai shi da halin takardunsa. Ina kuma roƙon ƙungiya ta sa dattawa biyu ko uku da za su riƙa duba wa zawarawa da marayu ciniki kafin su sa hannu.

Allah ya ba mu halal, ya zaunar da garinmu lafiya.