Ɗalibin Ƙauye da Kwamfutar JAMB

Tun 2015 hukumar JAMB ta yi sallama da takarda da fensir, jarrabawar shiga jami'a ta koma kan kwamfuta. Ɗalibai da dama sun yi murna, domin sakamako kan iso ta saƙon waya cikin 'yan kwanaki.

To amma a tambayi ɗalibin ƙauye. Wani bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawar. Hannu na rawa yake laluben harafin N don ya wuce tambaya ta gaba, agogon allo kuwa na ta cin lokaci. Wannan abin takaici ne, domin yaron ya yi karatunsa.

Abin da yake roƙo shi ne kwamfuta da wutar sola a makarantarsa tun ajin farko na sakandare, musamman ganin WAEC ma ta fara irin wannan jarrabawa a 2024.