Jirgin Bulus da Tambayar Ƙaddara

Idan Allah ya riga ya ƙaddara komai, ina amfanin zaɓin ɗan Adam? Wannan tambaya ta daɗe tana raba kan malaman Kirista. A kanta Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya fafata da Pelajiyus, har taron Kartej na 418 ya yi watsi da koyarwar Pelajiyus. A 1524 Erasmus ya rubuta littafin kare 'yancin zaɓi, Martin Luther ya mayar masa da martani a 1525.

Ni dai inda hankalina ya fi kwanciya shi ne littafin Ayyukan Manzanni sura 27, a Littafi Mai Tsarki. Guguwa ta kwana goma sha huɗu tana wujijjiga jirgin ruwan da ke kai manzo Bulus Roma, da mutum 276 a ciki. Bulus ya shaida musu cewa mala'ika ya tabbatar masa ba wanda zai mutu. Amma da dare matuƙan jirgin suka sauke kwalekwale, wai za su jefa anga, alhali guduwa za su yi. Nan take Bulus ya gargaɗi shugaban sojojin da ke cikin jirgin cewa in mutanen nan suka fice, babu mai tsira. Sojoji suka datse igiyoyin kwalekwalen.

Ga alkawarin Allah a hannu, amma Bulus bai zauna ya zuba ido ba. Har abinci ya matsa musu su ci don su samu ƙarfi. Da gari ya waye jirgin ya farfashe, masu iya iyo suka faɗa ruwa, sauran suka kama katakai, dukansu suka kai gaɓar tsibirin Malta.