Mudun Wutar Lantarki: Jawabi Kan Sababbin Mitoci Masu Sadarwa



Muna godiya ga shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai da suka ba mu damar tsayawa gabanku. Abin da za mu tattauna shi ne shirin kafa sababbin mitocin wutar lantarki a gidaje da shaguna na jihohinmu. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan ɗalibi da mita? Ruwansa kuwa babba ne, domin da yawa daga cikinmu a gidajen haya muke zaune, iyayenmu kuma teloli ne da masu walda da masu injin niƙa, waɗanda kuɗin wuta kan cinye musu ribar wata.

Bari mu fara da kasuwa. Idan mutum ya je Dawanau sayen gero, ba ya yarda mai hatsi ya dubi fuskarsa kurum ya yanka masa kuɗi. Sai an kawo mudu an auna a gabansa. To, mita ita ce mudun wuta, abin da take aunawa kuma shi ake kira yunit. Ƙwan fitila mai wat 100 idan ya yi awa 10 a kunne ya ci yunit ɗaya, mai wat 10 kuwa sai ya yi awa 100 kafin ya ci haka. Gidan da ba shi da mita ƙiyasi ake yi masa, watau ciniki ne ba mudu. Rahoton NERC, hukumar da ke kula da sha'anin lantarki ta ƙasa, ya nuna cewa a ƙarshen shekarar 2024 masu rajistar shan wuta a Nijeriya sun haura miliyan 13, amma fiye da rabinsu ba su da mita.

Yaya aka yi muka zo nan? An kafa NEPA a 1972, ta riƙe samar da wuta da rarraba ta duka. Dokar gyaran fannin lantarki ta 2005 ta wargaza wannan tsari, a watan Nuwamba na 2013 kuma aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta 11 ga 'yan kasuwa. KEDCO ya karɓi Kano da Katsina da Jigawa, kamfanin Kaduna ya haɗa har da Sakkwato da Kabi da Zamfara. Tun daga lokacin ake ta fito da shirye-shiryen cike giɓin mita. A 2018 an yi ƙa'idar da ta bai wa wasu kamfanoni daban izinin kawo mita su kafa. A 2020 NERC ta ƙayyade iyakar abin da za a ƙiyasta wa marar mita, gwamnati kuma ta soma shirin raba mitoci kimanin miliyan ɗaya da bashin Babban Banki. A 2021 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 500 domin gyaran kamfanonin rarraba wuta, har da sayen mitoci.

Lalle ne mu rarrabe tsakanin mita iri uku. Ta farko ita ce tsohuwa mai faifai yana juyawa, wadda sai ma'aikaci ya zo ya karanta. Ta biyu ita ce mai kati, wadda ake saya mata wuta tukuna a danna lambobi 20. Ta uku ita ce mita mai sadarwa, wadda ke rubuta abin da aka sha duk bayan minti 15 ko 30, ta aika wa kamfani ta hanyar layin wayar salula ko ta cikin wayar wutar kanta, kamfanin kuma ya iya aiko mata umarni. Mun ga amfanin wannan bambanci a 2024, sa'ad da ya zama dole a sabunta mitoci masu kati kafin 24 ga Nuwamba. Da yake yawancinsu ba sa jin kira daga nesa, sai da kowane mai gida ya karɓi lambobi na musamman ya danna da hannunsa.

Babban amfanin mita mai sadarwa yana bayyana ne idan an kafa ta a matakai uku: a bakin babban layin da ya fito daga tasha, da jikin taransifomar unguwa, da kuma gidaje. Idan taransifoma ta ba da yunit 1,000, mitocin gidajen da ke ƙarƙashinta suka nuna 700, an san 300 sun salwanta a wannan unguwa, ko ta lalatacciyar waya ko ta hannun masu jona wuta ta bayan mita. Ashe ke nan ba sauran dalilin ɗora asarar a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Har wa yau, tun 2020 aka kasa masu shan wuta rukuni biyar, daga A zuwa E. An yi wa rukunin A alkawarin awa 20 ko fiye a kowace rana, a watan Afrilu na 2024 kuma aka ɗaga musu farashi zuwa naira 225 kowane yunit. Wa zai shaida an cika alkawarin? Mita mai sadarwa tana rubuta lokacin da aka ɗauke wuta da lokacin da aka dawo da ita, saboda haka shaida ce a kan kamfani kamar yadda take shaida a kan mai gida.

Ƙasashen da suka riga mu sun bar mana darasi. Kamfanin Enel na Italiya ya kafa mitoci masu sadarwa kusan miliyan 30 daga 2001 zuwa 2006, bisa tsari guda. Birtaniya kuwa ta yi niyyar gamawa a 2020 ba ta gama ba, da yawa daga mitocinta na farko kuma sun daina aika rahoto da zarar mai gida ya sake kamfanin da yake sayen wuta. Ba a fafe gora ranar tafiya: tilas a daidaita harshen da mitocin za su yi magana da shi kafin a sayo miliyoyi.

Akwai abubuwa huɗu da ya kamata mu sa wa ido. Na farko, mita ba ta haifar da wuta. Ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200 tana raba abin da yawanci bai wuce megawat 5,000 ba, kuma a watan Oktoba na 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, jihohin Arewa da dama sun yi kwanaki cikin duhu. Na biyu, hannun da ke iya kunna wuta daga ofis yana iya yanke ta daga can, don haka dole doka ta fayyace gargaɗin da za a yi kafin yankewa. Na uku, rahoton mita yana nuna lokacin da mutanen gida ke kwana da tashi da tafiya, wannan kuwa sirri ne da ya cancanci tsaro. Na huɗu, kada ƙauyukan da layin salula bai kai ba da gidajen haya masu ɗakuna goma a kan mita ɗaya su zama 'yan baya ga dangi.

To, 'yan'uwa, mene ne namu? Mu san haƙƙinmu, mu sanar da iyayenmu. Ƙa'idar 2021 ta ce wanda ya biya kuɗin mita da aljihunsa a mayar masa ta hanyar yunit, wanda kamfani bai share wa hawaye ba kuma yana iya kai kuka ga hukumar da ke kula da lantarki. Mu daina ɗaukar satar wuta a matsayin wayo, domin maƙwabci ne ke biya. Ɗaliban aikin injiniya da kwamfuta da lissafi kuma su shirya, gama kafa mitocin nan da gyara su da karanta rahotonsu aiki ne na shekaru. Muna kuma ba Ƙungiyar Ɗalibai shawara ta kafa kwamitin da zai ƙirga gidajen hayar ɗalibai marasa mita, ya kai jerin sunayensu ofishin kamfani a rubuce.

 Allah ya sa mu dace.