Mutum Shida na Heban: Jawabi a Bikin Yaye Sabbin Masu Gadin Daji

 

Shugaban taro, mai girma Kwamishina, wakilin mai martaba Sarki, Allah ya ja zamanin Sarki, hakimai da dagatai da masu unguwanni, Sarkin Baka da jama'arsa, Ardo-ardon da suka baro rugage tun da sassafe, malamanmu na Musulunci da limaman coci, kwamandan horo da mataimakansa, iyayenmu mata da suke zaune cikin rana tun hantsi, sai kuma ku 'ya'yana da kuke tsaye cikin sabon kaki, ina yi wa kowa sannu da zuwa.

Waɗanda suka shirya wannan biki sun ɗora shi a kan 31 ga Yuli, ranar da duniya ta keɓe tun 2007 don tunawa da masu gadin daji da suka rasu ko suka jikkata a bakin aiki. Suka kuma ce ni, da yake na tsufa a aikin nan, in yi magana a kan mamatan. Na san akwai uwar da take zaune a nan tana cewa a ranta, yau ranar murna ce, me ya kawo zancen mutuwa? Ki yi haƙuri, Hajiya. Ɗanki ya karɓi bindiga yau, kuma gara ya ji wannan magana daga bakin tsoho a ƙarƙashin rumfa da ya je ya koye ta a dawa. Kowace shekara masu gadin daji fiye da 100 ne suke rasa rayukansu a duniya. A gandun Virunga na ƙasar Kwango kaɗai an binne sama da 200. Amma adadi ba ya shiga zuciya, don haka zan ba ku labarin mutum shida, maƙwabtanmu, a ƙasar Chadi.

A kudu maso gabashin Chadi, a yankin Salamat, kusa da garin Am Timan, akwai gandun daji da ake kira Zakuma. An kafa shi a 1963, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 3,000. A 2002 akwai giwaye sama da 4,000 a cikinsa, suna tafiya garke guda har sai ƙura ta rufe sama. Sai mahara suka fara zuwa daga gabas a kan dawaki, da bindigogin yaƙi, suna buɗe wa garke wuta ba zaɓe, uwa da ɗa, su sare haure su bar wa ungulu nama. Kafin 2010 abin da ya rage bai wuce 450 ba. Waɗanda suka tsira ma tsoro ya hana su haihuwa, don dabbar da kullum take cikin gudu ba ta da natsuwar ɗaukar ciki. A 2010 ɗin ne gwamnatin Chadi ta damƙa gudanar da gandun ga ƙungiyar African Parks.

Zakuma wuri ne da damina take cinye shi. Ruwa ya kan mamaye ƙasa, hanyoyi su yanke, mota ba ta shiga, giwaye kuwa su fice daga gandun su nufi tudu. A da, masu gadi su kan janye idan ruwa ya sauka, mafarauta su kuma su san lokacin cin kasuwarsu ya yi. Sabbin shugabannin suka ce a'a, inda giwa ta je a bi ta. Shi ya sa a daminar 2012 aka kafa wa wata ƙaramar runduna sansani a kan wani tudu da ake kira Heban, can arewa, nesa da iyakar gandun.

A watan Agusta na shekarar aka kashe giwaye a yankin. Masu gadin suka bi sawu har suka gano sansanin maharan, suka afka masa. Maharan suka tsere, suka bar harsasai masu ɗimbin yawa, da wayoyi, da maganin dawaki, da kaki da takardun da suka nuna daga Sudan suka fito. Nasara ce babba, kowa ya yaba musu. Bayan 'yan makonni, ranar 3 ga Satumba, da asuba, mutanen nan suka fito daga tantunansu don sallah. Maharan sun riga sun dawo cikin duhu sun yi kwanton ɓauna. Nan take suka kashe biyar. Na shida ba a sake ganinsa ba. Mai dafa musu abinci ne ya tsira da raunin harsashi, ya taka da ƙafa cikin ruwa da laka har ya isa inda zai kai labari. Maharan suka kwashe dawaki da makamai suka koma inda suka fito.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansu, ya karɓi sallar da suka tsaya yi.

'Ya'yana, ku kula da lokacin da abin ya faru. Ya zo ne bayan nasara. Ranar da kuka ƙwace bindigar mafarauci, kuka ƙona masa bukka, kuka kai shi gaban alƙali, ranar ce ya fara ƙirga kwanakinku. Mai harkar haure ba ɗan tsurut ba ne da ya fito neman zomon miya. A bayansa akwai dillali, a bayan dillali akwai mai kuɗi a birni, a bayan wannan akwai jirgin ruwa da zai kai kayan Asiya. A farkon waccan shekara ta 2012, irin waɗannan mahayan sun shiga gandun Buba Njida na arewacin Kamaru sun kashe ɗaruruwan giwaye cikin 'yan makonni. Mutanen da suke iya keta ƙasa biyu a kan doki don haure, komawa ɗaukar fansa ba ya yi musu nisa. Wannan maganar ta shugabanni ce fiye da ku: rundunar da ta yi babban kamu, a ƙara mata mutane ko a sauya mata wuri, kada a bar ta a inda abokin gaba ya san ƙofar tantinta.

Ba laifi nake ɗora wa mamatan ba, Allah ya kiyaye. Sun tsaya inda aka ajiye su, sun mutu suna gaban Ubangijinsu, wa zai ƙi irin wannan cikawa? Amma ga malamai nan zaune, su gyara mini idan na kauce. Addininmu bai bar mai tsaro cikin duhu ba, ya koyar da sallar halin tsoro, wasu su yi sallah wasu su tsaya da makami, sannan a yi musanya. Kuma a rundunarku akwai Musulmi akwai Kirista, wannan ma rahama ce. Idan Musulmi ya kabbara, ɗan'uwansa Kirista ya riƙe masa gadi, ranar Lahadi shi ma a rama masa. Duk abin da kuke yi a lokaci guda kullum, cin abinci ne, wanka a rafi ne, ɗiban ruwa ne, ku sani akwai idon da zai iya haddace shi.

To, me aka yi a Zakuma bayan an share hawaye? Nan ne labarin ya fi amfani gare mu. Ba su janye daga dawa ba. Sun ƙara ɗaura wa giwaye na'urar da take nuna inda garke yake dare da rana, ana bin ta daga ɗakin sadarwa da ba a rufe shi. Sun horar da rundunar ko-ta-kwana, sun gyara filayen saukar ƙaramin jirgi don damina ta daina yanke su daga mutanensu. Abin da ya fi burge ni kuwa, sun raba wa ƙauyukan da suke kewaye da gandun oba-oba. Mutumin ƙauye ko makiyayi ya ga baƙin mahaya, sai ya kira. Da yake maharan da suke kashe giwa su ne kuma suke kwashe wa talaka dabbobi, sai jama'a suka ga mai gadin daji nasu ne. Aka gina wa yaransu makarantu. A Fabrairun 2014, wajen bikin cikar gandun shekara 50, shugaban Chadi na lokacin, marigayi Idris Debi, ya cinna wa tarin haure fiye da tan guda wuta, aka kuma girmama masu gadin da suka kwanta dama. Giwaye suka natsu, suka koma haihuwa. A 2011 ɗan giwa ɗaya tak aka gani a ƙidaya. A 2018 an ƙirga sama da 100. A ƙidayar 2021 garken ya haura 600. Jinin mutanen Heban bai zuba a banza ba, amma sai da masu rai suka tashi tsaye kafin hakan ta tabbata.

Mu dawo gida. Muna da Yankari a jihar Bauchi, wanda aka keɓe tun 1956, yana ɗauke da ɗaya daga cikin garkunan giwa na ƙarshe da suka rage a Nijeriya. Muna da Gashaka Gumti a Taraba da Adamawa, mafi girma a ƙasar nan. Muna da Kainji, da Kamuku a Birnin Gwari, da Falgore a Kano. Kuma duk wanda yake cikin rumfar nan ya san Sambisa gandun namun daji ne kafin sunansa ya zama abin da ake faɗa da sassauta murya. Dajin da hukuma ta janye ƙafarta daga cikinsa ba ya zama kango, wani ne yake tarewa. Saboda haka idan wani ya ce muku, don gwaggon biri da gwanki za ku ba da ranku, ku ce masa sintirin da kuke yi shi ne yake sa matarsa ta je gona ta dawo.

Sai dai jama'a ba za su ba ku labari ba idan kun zame musu annoba. Manomin da giwa ta shiga gonarsa ta cinye masa dawar shekara a dare ɗaya yana da gaskiyarsa, ku je ku tsaya a gonar, ku rubuta ɓarnar, ku kai gaba. Tsohuwar da kuka samu da ɗaurin itace a bakin iyaka, ku yi mata bayani, kada ku ƙwace mata gatari kuna dariya. Bafulatanin da shanunsa suka ƙetare layi, doka ta tanadi hukuncinsa, a bi doka, ban da mari, ban da karɓar ɗan maraƙi a bayan fage. Ranar da kuka karɓi na goro daga hannun mai yankan katako ko mai haƙar zinariya, kun sayar masa da hanyar da abokan aikinku suke bi, kuma ba ku san wanda zai sayar wa ba. Sarkin Baka, ranka ya daɗe, yaranka sun san kowace kwazazzaba a dajin nan fiye da taswirarmu. Muna roƙon a riƙe waɗannan sabbin masu gadi a matsayin ƙanne. Ardo, kai ma haka.

Yanzu, mai girma Kwamishina, Allah ya taimake ka, ka ba ni dama in juyo gare ku. Shekarun baya na je ta'aziyyar wani abokin aikinmu a wata jiha da ba zan ambata ba. An harbe shi yana sintiri. Ranar jana'iza manya sun zo, an yi jawabai, an ɗauki hotuna. Matarsa ta gama takaba, ta ɗauki fayil ta fara zarya. Yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce a kawo takardar shaidar mutuwa, jibi a ce wadda aka kawo ba irinta ake so ba. Babban ɗansa ya bar makaranta ya koma tura baro a kasuwa. Abokan aikinsa suna gani. Ku gaya mini, wanda ya ga haka, idan ya ji ƙarar bindiga a gabas, gabas zai nufa ko yamma? Jarumtar mai gadi tana da alaƙa da abin da ya tabbata zai sami iyalinsa idan bai dawo ba. Shirun minti ɗaya da muke yi kowace shekara abu ne mai kyau, amma ba ya biyan kuɗin makaranta.

Abin da nake roƙo ba ya fi ƙarfin gwamnati. Kowane ɗaya daga cikin yaran nan a yi masa inshorar rai kafin ya kwana a dawa ko da dare ɗaya ne, a ba shi takardar a hannunsa ya kai wa matarsa ko mahaifiyarsa ta ajiye. A sa wa'adi a rubuce na biyan haƙƙin mamaci, a kuma naɗa jami'i guda da zai bi fayil ɗin, don kada a bar mai takaba tana hawa benen sakatariya. 'Ya'yan wanda ya faɗi a bakin aiki su yi karatu kyauta har su gama sakandare. Kada a tura runduna inda oba-obarta ba ta kaiwa hedikwata, kuma alawus ɗin sintiri ya fito kafin a shiga daji. Masu hannu da shuni da suke cikin taron nan, ku ma akwai rabonku: buhun hatsi da kuɗin makarantar maraya ɗaya ba za su girgiza ku ba.

Ku kuma 'ya'yana, ina taya ku murna. Kun sha gudu, kun sha rana, kun ci wannan kaki da guminku. Kafin ku tafi wuraren da aka tura ku, kowa ya je ya durƙusa gaban iyayensa ya nemi albarka, ya kuma rubuta sunan magajinsa daidai a takardar ofis, kada ya bar gurbin a buɗe.

Ina roƙon jama'a mu miƙe tsaye. Liman zai yi wa mutum shida na Heban addu'a tare da namu da muka rasa a dazuzzukan ƙasar nan, bayansa Fasto zai yi tasa. Mai girma Kwamishina, takardar buƙatun nan tana hannuna, zan miƙa maka ita a gaban iyayen yaran kafin a tashi.