Rigar sanyi mai hula

Yau zancenmu a kan rigar sanyi mai hula ne.

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, da ƙura da ɗari. A Tawa da Damagaram, wata asubar sanyi yakan kai digiri 12 ko ƙasa da haka. Masu noman rani, da ƴan kabu-kabu, da yara masu sammakon zuwa lakkol, su ne suka fi shan shi.

Wasu suna cewa rigar nan adon samari ce. To, amfaninta ya wuce ado. Kaurinta yana tsare ɗumin jiki. Hularta tana rufe kai da kunnuwa da wuya. Ƙaramin yaro ya fi bukatarta, domin jikinsa yana saurin yin sanyi.

In za ku saya, ku duba kauri kafin launi. In ta bosho ce, a wanke ta da sabulu, a shanya ta a rana. A zare igiyar hular yara, kada ta shaƙe su. Mai aiki da injin niƙa shi ma ya zare tasa. Riga mai roba wuta tana narkar da ita a jiki, a yi nesa da murhu.

Kada a kwana da garwashi a ɗaki rufe: iskarsa tana kisa. Gara riga da bargo. Yaron da ke tari yana numfashi da sauri, a kai shi likita ranar nan.

Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.