Ladan Ɗan Ƙwadago da Ikon Maigida a Kansa

  

Ya 'yan'uwa, tambayar da za mu tattauna ta taso ne daga ramukan haƙar zinari na dajin Birnin Gwari. Mai rami yakan ɗauki lebura, ya kai gari da man ja da sabulu sansani, sannan ya ce ba a yarda kowa ya saya a hannun wani ba. Shin yana da wannan iko?

Malaman fiƙihu sun bayyana cewa a ijara abin da maigida ya saya shi ne aikin ɗan ƙwadago a lokacin da aka yi yarjejeniya a kansa. Don haka yana da damar cewa da diga kaza za a yi haƙa, injin wane za a kai dutse niƙa. Amma lada, da zarar an gama aiki, ya zama dukiyar mai shi. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta gina halaccin ciniki a kan yardar juna. Wanda aka ce ya saya ko a kore shi, alhali kasuwa na da nisa, ina yardarsa take? Idan kuma bashi aka ba shi bisa sharaɗin ya sayi kayan maigida da tsada, to bashin ya jawo amfani, wannan kuwa ƙofar riba ce.

Dokar ƙasa ma ba ta bar wannan ba. Sashe na 2 na Dokar Ƙwadago ta 1974 ya soke duk yarjejeniyar da ta ƙayyade wa ma'aikaci inda zai kashe ladansa ko wurin wanda zai kashe shi. A 1831 Ingila ta hana biyan leburan wasu sana'o'i da kayan kantin maigida, bayan an ga yadda masu ma'adinai ke ɗaure mutane da bashi.

Saboda haka, ya kai maigida, ka kawo kayanka, ka sayar a farashin kasuwa, ka bar wa yaranka zaɓi. In kayan na da kyau da sauƙi, da kansu za su zo. Kai kuma ɗan ƙwadago, ka ji sharuɗɗa a gaban shaidu kafin ka shiga rami, kuma kada ka ha'inci wanda ya ba ka amanar kayansa.

Allah Ya ciyar da mu halal.