Zaluncin da ake wa Falasɗinawa da yadda ake kawo mana labarinsa

Jawabin da wani mushen lakwal ya yi a taron reshe. A karanta shi a kowane gari. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

 

An ce in yi magana yau bisa Falasɗinu. Maganar kai biyu gare ta. Na fari, abin da ake yi wa mutanen ƙasar. Na biyu, yadda labarin ke isowa kunnenmu. Dukanku kun san ɗan kasuwa mai tiya biyu, babba ta saye, ƙarama ta sayarwa. Labari ma awonsa ake yi, kuma akwai masu auna shi da tiya biyu. Ina so mu tashi daga nan kowa ya iya gane su, kada kuma mu kanmu mu zama irinsu.

Mu fara daga tushe. Falasɗinu ƙasa ce ƙarama a bakin Bahar Rum, tsakanin Masar da Labanan. Can birnin Ƙudus yake. Ta yi shekara 400 hannun Turkawa, kāna Ingila ta ƙwace ta a yaƙin duniya na fari. Ran 2 ga Nuwamba 1917 ministan harkokin waje na Ingila, Balfour, ya rubuta takarda ya yi wa Yahudawa alkawarin gida a ƙasar. A sa'an nan cikin mutum 10 na ƙasar wajen 9 Larabawa ne, Musulmi da Kirista. Ba wanda ya shawarce su.

Yahudawa kuwa, wajibi ne a faɗi, sun sha azaba a Turai. Gwamnatin Hitila ta Jamus ta kashe musu wajen mutum miliyan 6 a yaƙin duniya na biyu. Wannan gaskiya ne, duk wanda ya musa maƙaryaci ne. Amma a Turai aka yi laifin, manomin zaitun na Falasɗinu aka sa ya biya.

Ran 29 ga Nuwamba 1947 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a raba ƙasar biyu. Ƙasashe 33 suka yarda, 13 suka ƙi, 10 suka yi shiru. Yahudawa, waɗanda suke kashi ɗaya cikin uku na jama'a, aka ba su fiye da rabin ƙasa. Larabawa suka ƙi rabon, yaƙi ya tashi. A watan Mayu 1948 aka kafa Isra'ila, sojojin ƙasashen Larabawa suka shigo, aka ci su. Cikin wannan yaƙi Falasɗinawa fiye da dubu 700 suka bar gidajensu, waɗansu da kora, waɗansu da gudun tsoro, musamman bayan kisan ƙauyen Dair Yasin ran 9 ga Afrilu 1948, inda aka kashe fiye da mutum 100. Ƙauyuka sama da 400 suka zama kufai. Wannan shi suke kira Nakba, watau babbar masifa.

Ku riƙe waɗannan ranaku biyu. Ran 10 ga Disamba 1948 Majalisar ta fito da takardar haƙƙin ɗan Adam, wadda ta ba kowane mutum ikon komawa ƙasarsa. Kashegari, ran 11, ta yanke shawara mai lamba 194, cewa ƴan gudun hijirar da ke son komawa su zauna lafiya a bar su su koma, wanda bai koma ba a biya shi diyya. Ba a bar su ba. Su da ƴaƴansu da jikokinsu waɗanda ke rubuce a littafin hukumar UNRWA sun kusa miliyan 6.

A watan Yuni 1967, cikin yaƙin kwana 6, Isra'ila ta mamaye Gaɓar Yamma ta kogin Urdun da gabashin Ƙudus da Gaza. Dokar yaƙi da aka rubuta a Janeba a 1949 ta hana wanda ya mamaye ƙasa ya kwaso mutanensa ya zaunar cikinta. Duk da haka, zuwa 2023 ƴan kama-wuri-zauna a Gaɓar Yamma da gabashin Ƙudus sun kai wajen dubu 700. Mutum biyu na zaune bisa tudu guda, doka biyu ke kansu. Ɗan kama-wuri in ya yi laifi alkalin farar hula zai gani. Bafalasɗine kuwa kotun soja za a kai shi. Akwai kuma ɗaurin da ba shari'a: a tsare mutum wata 6 ba a faɗa masa laifinsa ba, in wa'adi ya cika a sabunta. A 2024 waɗanda ke cikin irin wannan ɗauri sun haura 3,000. Asalin dokar tun zamanin Ingilishi ne. Kakanninmu da kwamandan ke rufewa kwana 15 ba tambaya, kafin a kashe wannan doka a 1946, ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Kotun Duniya da ke birnin Heg ta duba al'amarin sau biyu. A 2004 ta ce katangar da aka gina cikin Gaɓar Yamma ta saɓa doka. Ran 19 ga Yuli 2024 ta ce mamayar kanta haram ce, a kawo ƙarshenta.

Sai Gaza. Tsawonta kilomita 41 ne, mai ƙarfin ƙafa ya taka ta daga asuba zuwa almuru. Cikin wannan ɗan wuri mutum fiye da miliyan 2 suke, kuma tun 2007 aka toshe musu hanya ta ƙasa da ta ruwa da ta sama. Ran 7 ga Oktoba 2023 Hamas da waɗansu ƙungiyoyi suka keta shinge, suka kashe wajen mutum 1,200 a Isra'ila, mafi yawa farar hula, suka kama wajen 250 suka tafi da su. Isra'ila ta buɗe wuta. Zuwa Oktoba 2025, sa'ad da aka ƙulla tsagaita wuta, ma'aikatar lafiya ta Gaza ta ƙidaya gawa fiye da dubu 67. Kusan kowa ya bar gidansa, waɗansu sau da yawa. A watan Agusta 2025 masu auna yunwa na duniya suka tabbatar yunwa mai kisa ta sauka birnin Gaza. Isra'ila tana cewa mayaƙan Hamas cikin jama'a suke ɓuya, da ramummuka ƙarƙashin gidaje. An ji. Amma dokar yaƙi ba ta ce laifin maƙiyinka ya halatta maka hana yara abinci ba.

To, ƴan uwa, ga abin da ya auku. Yanzu mu zo ga masu ba da labari. Tun 1957 da Landan ta fara magana da Hausa, radiyo ya zama majalisarmu. Ga shi kuma yau waya na aljihun kowa. Ina jawo hankalinku ga dabara huɗu na mai tiya biyu.

Ta fari, inda ake fara labari. In mutum biyu suka zo gaban sarki bisa rikicin gona, wanda ya fara daga marin jiya dabam, wanda ya fara daga ranar da aka tsallake iyaka dabam. Mai labarin da kullum ke farawa daga dutsen da yaro ya jefa, ya tsallake 1948 da 1967, ko bai yi ƙarya ko guda ba ya riga ya yanke hukunci.

Ta biyu, zaɓen kalma. Ku kasa kunne. A ce waɗannan “an kashe su”, waɗancan “sun mutu”, sai ka ce zazzaɓi ne ya ɗauke su. A ce “an yi arangama” alhali gefe guda ne ke da bindiga. A faɗi sunan mamacin wannan gefe, da shekarunsa, da sana'arsa, na wancan gefe kuwa a ba ka lissafi kamar na buhunan gyaɗa. Duk labarin da ya ce an kashe mutum bai ce wa ya kashe shi ba, alhali an sani, an rage maka awo.

Ta uku, karɓar maganar mai ƙarfi tun ba a bincika ba. Ga misali biyu. Ran 11 ga Mayu 2022 aka harbe Shirin Abu Akila, ƴar jaridar Aljazira, a garin Jenin, tana sanye da rigar da aka rubuta wa alamar ƴan jarida. Da fari manyan Isra'ila suka ce mai yiwuwa ƴan bindigar Falasɗinawa ne. Sai a watan Satumba soja suka ce mafi rinjaye harsashin sojansu ne, bisa kuskure. Wata huɗu ke nan, duniya ta wuce ga wani labari. Na biyu, ran 23 ga Maris 2025 aka kashe ma'aikatan agaji 15 kusa da Rafah, aka turbuɗe su cikin rami. Soja suka ce motocin sun taho ba fitila. Sai aka sami wayar ɗaya daga mamatan, ga hoto, ga fitilun motocin asibiti suna walƙiya. Dole soja suka janye maganar. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma da ba a tono wayar nan ba, da me radiyo zai bar mu da shi?

Ta huɗu, rufe ƙofa. Shekara biyu na yaƙin, daga Oktoba 2023, Isra'ila ba ta bar ƴan jaridar waje sun shiga Gaza don kansu ba, sai da rakiyar soja. Aikin ya rage bisa wuyan ƴan jaridar Falasɗinawa, su ma ana kashe su. Ƙungiyar kare ƴan jarida ta CPJ, mai zama a Amurka, ta ƙidaya ƴan jarida 124 da aka kashe a duniya a 2024, ta ce 85 daga ciki sojan Isra'ila ne suka kashe su. Gani ya kori ji. Wanda ya hana a gani, sa'an nan ya ce abin da aka ji ƙarya ne, ai shi ya kamata a tuhuma.

Yanzu, jama'a, ku yi haƙuri, zan taɓo namu gefen, don mu ma muna iya riƙe tiya biyu. Tausayi kan sa mutum ya ƙara gishiri.

Kisan farar hula da kame mata da tsofaffi na ran 7 ga Oktoba laifi ne, kada kunya ta hana mu faɗi. Ran 21 ga Nuwamba 2024 kotun manyan laifuffuka ta duniya ta ba da takardar kama Netanyahu da tsohon ministan tsaronsa, Galant, ta kuma ba da ta kama Muhammad Daif, shugaban mayaƙan Hamas. Wanda ya karanta muku suna biyu ya ɓoye na ukun ya cuce ku.

Afirka ta Kudu ta kai ƙarar Isra'ila Kotun Duniya a Disamba 2023 bisa zargin kisan ƙare-dangi. Ran 26 ga Janairu 2024 kotu ta umarci Isra'ila ta hana aikata shi, ta kuma bari agaji ya shiga. Wannan umarnin gaggawa ne. Wanda ya ce ran nan aka yanke hukuncin ƙarshe ya zarce gaskiya. Haka lissafin mamatan Gaza: ma'aikatar da ke ba da shi ƙarƙashin Hamas take, kuma ba ta ware mayaƙi da farar hula. A faɗi wannan. A kuma faɗi cewa hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun gwada lissafinta a yaƙoƙin baya sun iske ya yi kusa da nasu.

Kada kuma mu mai da maganar ta zama ƙin Yahudawa. Shirin da aka harbe Kirista ce. Ƙungiyar B'Tselem, wadda tun 1989 take rubuta zaluncin da ake yi a yankunan mamaya, ƴan Isra'ila ne suka kafa ta, kuma a Janairu 2021 ta kira tsarin wariya irin ta Afirka ta Kudu ta dā, kafin Human Rights Watch da Amnesty su faɗi haka. Gwamnatin Isra'ila ta ƙi yarda da wannan suna. A Satumba 1982, da aka yi kisan sansanonin Sabra da Shatila a Bairut, ƴan bindigar Labanan ne suka yi yankan, sojan Isra'ila na kewaye da wurin. Dubun dubatar mutane suka fito birnin Tel Abib suna neman bincike, kuma binciken ya raba Ariyel Sharon da kujerar ministan tsaro a 1983. Mai adalci kowa zai ba rabonsa na laifi, ba ragi, ba ƙari.

Wani zai ce, mushe, ana kashe mutane kai kana awon kalma? To ku saurara. Mai ƙarfi in an kama shi da ƙarya yana da jirage da kuɗi da abokai, gobe ya ci gaba. Mai rauni ba shi da kome sai gaskiyarsa. Hoto guda na yaƙin Siriya da ka watsa ka ce Gaza ne, in aka gano, da shi za a ƙaryata hotuna 100 na gaske. Ka ga ka taimaki azzalumi ke nan da hannunka.

Saboda haka ga abin da nake roƙon kowane reshe. In labari ya zo, a yi masa tambaya biyar kafin a kai shi kasuwa. Wa ya faɗa? Ya gani da idonsa, ko ji ya yi? Yaushe, a wane gari? Ɗaya gefen me ya ce? In da a ce mutanen wancan gefe aka yi wa haka, da wace kalma za a ba da labarin? Masu radiyo su saurari tasha biyu ko uku, su gwama. Sakatare ya sami littafi ya riƙa rubuta rana da wuri da adadi, don in an musa mana mu buɗe mu nuna. Samari masu waya, abin da ba ku san tushensa ba kada ku tura, ko da ya sa ku kuka.

Allah ya kawo wa Falasɗinawa sauƙi, ya mai da ƴan gudun hijira gidajensu, ya jiƙan duk wanda aka kashe ba da haƙƙi ba. Mu kuma ya ba mu ikon auna wa kowa da tiya guda.